Gaiwa Mai Cin Jikinta

Gaiwa ba ta cikin kifayen da ake yi wa kirari. Duk wanda ya ratsa kasuwar kifi ta Haɗejiya ya san tarwaɗa da karfasa ne ke jan ido. Ita kuwa tana can gefe, doguwa, mai santsi, launinta na taɓo, da wasu siraran gaɓoɓi huɗu a gurbin da sauran kifi ke da filafilai. Akwai mutanen da ko taɓa namanta ba sa yi. Duk da haka ta samu gurbi a bakin Bahaushe: in kasuwa ta juya wa mutum baya, riba ta ƙare har ya koma cin jari, sai ka ji ya ce ya zama gaiwa, jikinsa yake ci.

Maganar gaskiya ce, masana halittu ma sun tabbatar da ita. Sai dai mun ɗauki ɓangaren tausayi mun bar na hikima.

A ƙarshen damina Kogin Haɗejiya kan cika ya malale fadamun Auyo da Kiri Kasamma da Guri, ya nufi Nguru, kafin ruwansa da na Kogin Jama'are su zama Kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Chadi. Wannan ne lokacin ƙoshin gaiwa. Tana farautar kwaɗi da ƙananan kifaye, tana murƙushe dodon-koɗi da haƙora masu ƙarfin gaske, shi ya sa masunci ba ya wasa da bakinta. Tana da huhu, kuma dole ta riƙa leƙo kai sama tana shaƙar iska. In aka tsare ta a ƙarƙashin ruwa, nutsewa za ta yi ta mutu, tana kifi.

Da hunturu ya kama, ruwa sai ya fara ja da baya. Kifin da ya yi sa'a ya bi shi zuwa gurbin kogi, wanda ya makara a kududdufi ya zama rabon mai koma, ko na tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi rani a dausayin Baturiya. Gaiwa ba ta bin ruwa. Taɓo take haƙa da baki, ta nutse ciki, ta naɗe jiki har wutsiya ta rufe kai. Fatarta ta fitar da yauƙi mai yawa, ya bushe ya zama kwanso a kewayenta, ba ta bar kome ba sai 'yar kafar da iska za ta iso bakinta. Bugun zuciya ya ragu, numfashi ya yi nisa da juna. Ba ci, ba sha. Dattin jiki da ta saba zubarwa a ruwa ta sauya shi zuwa wani nau'i mara dafi sosai, ta adana. Abin da ke riƙe ranta tsawon watannin nan shi ne tsokar jikinta, wadda take narkarwa kaɗan-kaɗan. An ga gaiwar da ta haura shekara 3 a haka a hannun masu bincike, kuma da aka jiƙa ta ta farfaɗo.

A nan nake ganin mun rage mata daraja. Gaiwa ba cin ɓarna take yi wa kanta ba. Tana ba da abin da za ta iya mayarwa ne don ta tsare abin da in ya tafi ba ya dawowa, wato zuciya da huhu. Mun saba auna cigaban mutum da abin da ya ƙaru gare shi. Amma na san mutane, kowa ma ya sani, waɗanda shekarun ƙuncinsu ne suka tace su, suka gane abin da za su iya rabuwa da shi da abin da ba za su saki ba ko ana ha-maza-ha-mata. Ana cewa mahaƙurci mawadaci. Haƙurin gaiwa ba zaman jira kawai ba ne, sauya dukan tsarin jiki ne domin ya dace da zamanin da aka shiga.

Ran da ruwan farko ya jiƙa ƙasa, kwanson ya yi laushi, ta fito a rame da yunwa. Cikin damina namiji kan shirya gurbi a cikin ciyawa, ya tsaya gadin ƙwai da 'ya'ya har su yi ƙwari. Ko wutsiya ko gaɓa ta gutsure, takan sake tsirowa. Danginta sun kai kimanin shekara miliyan 400 a duniya.

Amma dabararta duka ta dogara ne kan sharaɗi guda: ruwa ya tafi, kuma ya dawo. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, malalar da fadama ta saba samu ta sauya. Wasu wuraren ruwa ya daina kai musu yadda ya saba, wasu kuma ya kwanta shekara sukutum, kacala ta yaɗu ta toshe hanyoyinsa. Gaiwar da ta kwanta a fadamar da ruwa ya daina zuwa, tsokarta za ta ƙare wata rana. Shi ya sa lissafin sakin ruwa da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ke yi bai tsaya kan gonakin shinkafa da famfunan Kano ba. Ya shafi masuncin Guri, da makiyayin da ke jiran ciyawar fadama, da kifin da ke binne a ƙarƙashin sawun shanunsa.