Lambobi Bakwai a Kowane Layi

Da kaka ne, an gama yankan gero, ɗan ƙanwata ya zo hutu Yalwan Damai daga Zariya, inda yake karatun sassan jikin ɗan'adam. Bayan la'asar muna zaune a zaure ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, kai da ka daɗe kana koyar da lissafi, gano mini wannan."

Ba hoto, ba bayani. Layuka ne reras, sun fi dubu, kowanne ɗauke da lambobi bakwai.

Lambar farko ba ta ba ni wuya ba, ƙirgen layi ce: 1, 2, 3. Ta uku da ta huɗu da ta biyar suna sauyawa kaɗan-kaɗan daga layi zuwa layi, kamar sawun mai tafiya, sai na gane wuri suke nunawa: tsawo, faɗi da zurfi. Ta shida kuwa babba ce a layin farko, daga nan ta yi ta ƙanƙancewa. Kauri ke nan. Na ce masa taswirar kogi ce da rafukansa. Ya girgiza kai.

Ta bakwai ce ta hana ni barci. A yawancin layuka tana maimaita lambar layin da ke samanta. Amma can sai ka ga layi na 58 ya tsallake ya ambaci 12, alhali layi na 13 ma 12 ya ambata. Layin farko shi kaɗai ke da -1. Sai da na tuna yadda tsofaffi ke jero salsala, wane ɗan wane, sannan abin ya buɗe mini: kowane layi ɗigo ne da ke faɗin ubansa. Mai -1 shi ne kakan gida, ba wanda ya gabace shi. Inda ɗigo biyu suka haɗa uba, reshe ya rabu.

Da safe na yago takarda mai gidaje-gidaje, na ɗiɗɗiga layuka ɗari biyu na farko, na haɗa kowane ɗa da ubansa. Abin da ya fito ya yi kama da kuka a tsakiyar rani, gindi jibgege, rassa tsirara.

"Ƙwayar jijiya ce guda ɗaya, Kawu, daga ƙwaƙwalwar ɓera," in ji shi. Ya warware mini lamba ta biyu da na tsallake: 1 jikin ƙwayar ne, 2 doguwar igiyar da ke kai saƙo, 3 da 4 rassan da ke karɓa. Ma'aunin kuma maikuron ne, wato a raba milimita gida dubu a ɗauki ɗaya.

Saura abu guda. Da na bi lambar zurfi, na tarar rassa da dama sun tsaya cak a iyaka ɗaya, kamar an bi su da adda. Bishiya ba ta yin haka da kanta. Ashe wuƙa ce. Kafin a duba ƙwaƙwalwa a madubin ƙara girma sai an yanka ta falle-falle siri-siri, duk reshen da ya ƙetare falle ya tafi. Wannan ya taɓa ni sosai, domin lambobin ba su ɓoye inda aikin ya gaza ba.

To wa ya ajiye wannan a inda ɗan Yalwan Damai zai ɗauka kyauta? Labarin ya faro daga 1873, lokacin da Camillo Golgi na Italiya ya gano rinin azurfa da ke baƙanta ƙwaya ɗai-ɗai ta fito fili. Santiago Ramón y Cajal na Sifen ya yi amfani da shi ya zana ƙwayoyin da hannu, su biyun suka raba kyautar Nobel a 1906. Da kwamfuta ta zo, zane ya koma lambobi. Sai dai mai bincike yakan ɓata kwanaki yana bin rassan ƙwaya ɗaya, ya wallafa sakamakonsa, lambobin kuma su kwanta a kwamfutarsa ba mai ganinsu.

A 2006 Giorgio Ascoli na Jami'ar George Mason a Amurka ya buɗe musu rumbu a intanet, NeuroMorpho.Org, da ƙwayoyi kusan dubu. Yadda ake cika shi ya fi burge ni. Ma'aikatan na bin mujallun bincike, duk inda suka ga an zana ƙwaya sai su rubuta wa mai aikin su roƙi lambobinsa. Wasu su bayar, wasu su yi shiru, a sake rubuta musu. Abin da aka samu a mayar da shi tsari guda, wato layin nan mai lambobi bakwai da ake kira SWC, a rubuta dabbar da sashen ƙwaƙwalwar da ɗakin binciken da ya bayar. Da haka rumbun ya haura ƙwayoyi 200,000, na ɓera, na mutum, na kifi, na ƙuda.

Yaron ya ce malaman likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello sun yi nazarin ƙwaƙwalwar gafiya, burinsa wata rana ya bi rassan ƙwayarta ya aika rumbun. Na ce kafin nan ya sauko mini da ta mutum, takardata ba ta ƙare ba.