Kano Pillars: Kaka shida, kowace da sabon koci a bakin fili

A watan Yulin 2025, lokacin da babu wasa kuma filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yake shiru, gwamnatin jihar Kano ta yanke shawara biyu da suka shafi Kano Pillars. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa Ahmed Musa janar manajan ƙungiyar, sannan aka dawo da Evans Ogenyi a matsayin mai horarwa. Magoya baya sun yi murna, daga Fagge da Kurna har zuwa masu bibiyar Sai Masu Gida ta waya a Gaya ta jihar Dosso da Yamai da Jidda.

An fara kakar a watan Agusta. Ranar 12 ga Oktoba, bayan an tashi 1-1 da Shooting Stars a Kano, wasu 'yan kallo suka kutsa cikin fili. Hukumar gasar Firimiyar Najeriya ta zaftare wa Pillars maki uku, ta ci ta tara, ta kuma mayar da wasanninta na gida Katsina. Ba a jima ba aka dakatar da Ogenyi, aka kira Mohammed Baba Ganaru, mutumin da ya ci wa ƙungiyar kofi a 2012 da 2013, ya zo ya karɓi 'yan wasan da ba shi ya zaɓe su ba.

Duk wanda ya daɗe yana bin Pillars ya san ba yau farau ba. Lionel Soccoia, Bafaranshe, shi ya buɗe kakar 2020/21, kuma bai kai ƙarshenta ba, Ibrahim Musa ya ƙarasa. Salisu Yusuf ya buɗe ta 2021/22, wadda a ƙarshenta ƙungiyar ta faɗa gasar 'yan dagaji tare da Katsina United da Heartland da MFM. Ogenyi ne ya hauro da ita a 2023, amma da aka zo shirin komawa Firimiya sai aka ɗauko Abdu Maikaba. Maikaba ya yi kaka ɗaya. Usman Abdallah ya gaje shi a 2024, aka dakatar da shi ana tsakiyar kaka. Sai Ogenyi kuma a 2025. Kaka shida ke nan a jere, babu wadda aka buɗe da kocin da ya buɗe ta baya.

Ba wai an rasa gwanaye ba ne. Maikaba ya ci kofin ƙalubale da Akwa United a 2017. Abdallah ya ci Firimiya da Enyimba a 2019, ya kuma zauna a bencin Super Eagles a matsayin mataimaki. Salisu Yusuf ma tsohon mai horar da tawagar ƙasa ne. Matsalar ita ce kowane koci yana zuwa da tsarinsa da 'yan wasan da ya yarda da su. A sallami waɗansu, a ɗauko waɗansu, kafin su fahimci juna a fili an ci wasa goma, maki sun zube, tsaye ya gagara, sai a fara neman wanda za a ɗora wa laifi. Wanda ya zo bayansa ya tarar da kayan wani, shi ma ya nemi nasa.

Abin da ya riƙe ƙungiyar a shekarun kofi

Akwai masu cewa sauya koci ba shi ne ciwon ba, kuma suna da hujja. Pillars ta ɗauki Firimiya sau huɗu da masu horarwa uku: Kadiri Ikhana a 2008, Baba Ganaru a 2012 da 2013, Okey Emordi a 2014. Ganaru ya tafi bayan kofi biyu, amma Emordi ya zo ya ƙara na uku a jere.

Sai dai a duba waɗanda suke cikin fili a waɗannan shekaru. Theophilus Afelokhai yana raga, Rabi'u Ali yana tsakiya, Gambo Mohammed yana gaba, kaka bayan kaka. Koci kan tafi, ƙashin bayan ƙungiyar yana nan. Wanda ya zo yakan tarar da mutanen da suka san juna, suka san filin, suka san yadda 'yan kallon Kano suke idan an kai minti saba'in ba a zura ƙwallo ba. A zamanin ne ƙungiyar ta yi kusan shekara 12 ba a ci ta a gida a gasar lig ba, har sai da Nasarawa United ta karya tarihin a 2015. Abin da ya bambanta shekarun baya-bayan nan shi ne ana sauya kocin, ana kuma sauya yawancin 'yan wasan a hutu guda.

Misalan da ke kusa ma sun nuna inda haƙuri ya biya. Remo Stars ta Ikenne ta bar Daniel Ogunmodede a kan aiki, ta zo ta biyu a 2023, ta sake zuwa ta biyu a 2024, ta ɗauki kofin a 2025. Za a ce ai Remo ta ɗan kasuwa ce, Kunle Soname, ba ta gwamnati ba. To Rivers United ta gwamnatin jiha ce kamar Pillars, kuma ta riƙe Stanley Eguma tun kafuwarta a 2016 har ya kawo kofi a 2022.

Yadda ake hutun kaka a zari-rugar Amurka

Matasan da ke zaune a Amurka, da waɗanda ke farkawa tsakar dare don kallon Super Bowl, sun san wata gasa da hutun kaka ke da nauyi kusan kamar kakar kanta. A NFL, gasar zari-rugar Amurka mai ƙungiyoyi 32, ana buga wasannin lig daga Satumba zuwa farkon Janairu, a yi wasan ƙarshe a Fabrairu. Sauran watannin duk na yanke shawara ne, kuma kowace shawara da lokacinta.

Washegarin rufe lig ake korar masu horarwar da suka gaza, har ranar ta samu suna, Baƙar Litinin. Su ma suna kora, ba waliyyai ba ne. Amma sabon koci yakan kama aiki a Janairu ko Fabrairu, wata bakwai kafin wasan farko. A Maris ake buɗe kasuwar 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare. A ƙarshen Afrilu ake zaɓen matasa daga jami'o'i, zagaye bakwai, ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ita ke fara zaɓa. Kowace ƙungiya kan shiga sansanin atisaye da mutum 90, zuwa ƙarshen Agusta dole ta rage su zuwa 53. Akwai kuma iyakar kuɗin albashi da babu mai tsallake ta, wadda a 2025 ta kai dala miliyan 279.2 ga kowace ƙungiya. 'Yan Najeriya ma sun bi ta wannan rariyar: a 2023 matasa shida daga ƙasar suka samu gurbi a ƙungiyoyin NFL ta shirin ɗaukar 'yan wasa daga ƙetare, cikinsu har da C.J. Okoye da Kenneth Odumegwu.

Babu mai cewa Pillars ta yi gogayya da wannan kuɗi. Abin dubawa shi ne rabon aiki. A mafi yawan ƙungiyoyin NFL janar manaja ne ke tara 'yan wasa yana hangen shekara uku zuwa biyar, koci kuma ya horar da su ya fitar da wanda zai buga ranar Lahadi. Idan koci ya tafi, tsarin ɗaukar 'yan wasa ba ya tafiya da shi.

Green Bay Packers ta fi dacewa da misali, domin ita ma ba ta da attajiri guda da ya mallake ta, dubban magoya baya ne ke riƙe da hannun jarinta. A 2020 janar manajanta Brian Gutekunst ya yi amfani da zaɓinsa na zagayen farko ya ɗauki Jordan Love, matashi mai buga gurbin jefa ƙwallo, alhali gwarzon ƙungiyar a wannan gurbin, Aaron Rodgers, yana kan ganiyarsa. Magoya baya sun yi ca a kansa. Rodgers ya ci kyautar gwarzon gasar a 2020 da 2021, Love yana benci yana kallo. A 2023 aka miƙa Rodgers ga New York Jets, Love ya hau, kuma ƙungiyar ta kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale a kakarsa ta farko. Ita kuwa Pittsburgh Steelers, daga 1969 zuwa 2025 masu horarwa uku kacal ta yi.

A Kano tambayar magaji tana da suna: Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele. Ya haura shekara 40 yana zura ƙwallo, kuma babu mai musun abin da ya yi wa ƙungiyar. Amma rainon wanda zai gaje shi aikin shekara biyu zuwa uku ne, kuma kocin da bai san ko zai kai watan Disamba ba, ba zai sa yaro ɗan shekara 19 a wasan da kujerarsa ta dogara a kai ba. Zai sa wanda ya tabbata zai kawo masa maki yau.

Manaja a ofis, ɗan wasa a fili

Nan ne naɗin Ahmed Musa ya zama abin lura. A takarda, shi ne irin mutumin da Pillars ta daɗe tana buƙata a wannan kujera. A ƙungiyar ya yi suna, da ƙwallo 18 a kakar 2009/10, kafin ya wuce VVV-Venlo ta Holan, CSKA Moscow, Leicester City da Al-Nassr. Ya ga yadda ake tafiyar da ƙungiya a ƙasashe daban-daban. Ya dawo a 2021 na ɗan lokaci, ya sake dawowa a Oktoban 2024 ya ci Sunshine Stars ƙwallo biyu a wasansa na farko. Sunansa na buɗe ƙofar da wani ba zai iya buɗewa ba, ko a wajen masu tallafi ko a wajen 'yan wasan da ake zawarci.

Sai dai an naɗa shi ne bai rataye takalmi ba. Da safe a filin atisaye koci ne ke ba shi umarni. Da rana a ofis shi ne ke gaba da koci. Ko da Musa bai taɓa tsoma baki a zaɓen 'yan wasa sha ɗaya ba, tsarin da kansa ya ɗora wa kowane mai horarwa nauyi: ranar da ya ga ya kamata Musa ya huta, zai zaunar da mutumin da ke cikin masu duba aikinsa. Shi ma Musa an saka shi a tsaka mai wuya, domin duk hukuncin da aka yanke a kan koci ko a kan abokin wasansa, za a ce da hannunsa a ciki.

Sama da su duka kuma akwai gwamnati. Tun da aka haɗe WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North aka kafa Pillars a 1990, ƙungiyar jiha ce. Gwamnati ke naɗa hukumar gudanarwa, ita ke sakin kuɗin ɗaukar 'yan wasa da albashi. Idan naɗin hukuma ya zo a Yuli, kaka kuma za ta fara a Agusta, makonni kaɗan ne suka rage a zaɓi koci, a tantance waɗanda za su zauna, a nemo sababbi, a yi atisaye. A lokacin, ƙungiyoyin da suka san kocinsu tun watan Mayu sun riga sun kwashe 'yan wasan da ake rububi.

Darasin 2022 yana nan kusa. A waccan kaka ma an zaftare wa Pillars maki saboda rikicin da ya biyo bayan wasa da Katsina United, aka raba ta da filinta, ta kuma ƙare a ƙasan teburi. Rikicin 'yan kallo ba koci ke jawo shi ba, amma ƙungiyar da ta shiga kaka ba ta gama haɗa kanta ba, ba ta da rarar makin da za ta jure irin wannan hukunci.

Da Ganaru ya karɓi aiki a 2025, dama guda ce ta rage masa ya gyara abin da ya tarar, wato kasuwar 'yan wasa ta tsakiyar kaka. Abin da ke gaban hukumar da Musa a lokacin shi ne ko za a ɗauko 'yan wasan ne don su dace da Ganaru kaɗai, ko kuwa don su dace da tsarin da ƙungiyar za ta riƙe ko da wani ne zai buɗe kaka ta gaba a bakin fili.