Yadda Za Ka Kula da Na'urar Sanyin Mota da Hunturu

Ya kai mai karatu, in kana da mota, ko kuwa kana tuƙa ta wani, ga wata magana wadda za ta tsare maka kuɗinka. A cikin motocin zamani akwai na'ura mai sanyaya iska, wadda direbobi su ke kira esi. Kamfanin Packard na Amurka ne ya fara sayar da mota mai ita cikin 1939. Yau kuwa har a hanyar Gaya zuwa Wudil da Kano kana iske ta cikin motoci da yawa.

To, idan hunturu ya kama, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, sai ka ga direba ya kashe ta ɗungum. Ya ce ga sanyi Allah Ya kawo kyauta, me zai sa ya ƙona mai? Ran da zafin bazara ya sauko cikin Maris ko Afrilu, ya kunna, sai iska mai ɗumi ta buso masa. Zaman banza ne ya lalata ta, ba aiki ba. Bari ka ji dalili.

Yadda ta ke aiki

A jikin injin akwai wani famfo da a ke kira kwampireso. Bel ne ke juya shi. Aikinsa shi ne ya matsa gas, ya tura shi cikin bututu. Gas ɗin ya kan ɗebi zafin cikin mota, ya kai shi gaba wurin wata raga ta ƙarfe da ke gaban lagireto, watau kwandensa, iskar waje ta kwashe zafin. Sa'an nan ya komo ya ɗebo wani.

Abin lura a nan shi ne, gas ba shi kaɗai ya ke yawo ba. Akwai wani mai na musamman gauraye da shi. Wannan mai shi ke shafe cikin famfo, shi ne kuma ke jiƙa ƙananan zobban roba da ke toshe mahaɗar bututu. In na'ura ta daɗe ba ta juya ba, sai man ya kwanta wuri ɗaya, roba ta bushe, gas ya riƙa sulalewa kaɗan kaɗan. Ka dubi guga ta fata. Wadda a ke ja da ita kullum tana da laushi, amma wadda aka rataye wata uku ta kan bushe ta tsage.

Saboda haka, sau ɗaya kowane mako, ka kunna esi kamar minti 10, ko da ana sanyi. Ka yi da rana tsaka, kana cikin tafiya. Kada ka bar injin yana aiki cikin rufaffen ɗaki, gama hayaƙin mota yana da guba marar wari wadda ke kashe mutum.

Maganar ƙura

Hazon hunturu ƙura ce mai laushi, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga hamada, mafi yawa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi. Ga kuma ƙurar hanya, in kana bin burji da yashi tsakanin Balan da ƙauyukan Gaya da Ajingi. Wuri biyu ta ke yi wa ɓarna.

Na fari, ragar nan ta gaba. In ƙura da ƙaiƙayi suka toshe ta, zafi ba ya fita, famfo kuwa ya yi ta wahala. Ka bari injin ya huce, ka wanke ta da ruwa a hankali. Kada ka soka mata tsinke ko waya, don ba ta da ƙwari.

Na biyu, matatar iska, wadda a ke kira filta. A motoci da yawa tana bayan ɗan akwatin da ke gaban fasinja. Ka zaro ta, ka ɗaga ta wajen rana. In haske bai ratsa ba, ka sake sabuwa. Ran da hazo ya yi kauri, ka rufe gilashi, ka danna maɓallin da ke juya iskar ciki. Amma ka riƙa shigar da sabuwar iska jifa-jifa, domin kada barci ya ɗebe ka.

Ka kuma duba bel, injin yana kashe. In ka ga tsaga, ko ka ji yana ƙara da safe, ka kai wa makaniki.

Maganar gas

Ka sani, gas ɗin esi ba ya ƙonewa kamar fetur. In ya ragu, lalle akwai inda ya ke fita. Ka bi bututu da ido. Inda ka ga ƙura ta manne da danshin mai, nan ne. Wanda ya ƙara maka gas bai toshe kafa ba, ya zuba ruwa ne a kwando.

Gas kuma iri iri ne. Na da, mai suna R12, an bar yin sa bayan yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a Montreal cikin 1987, domin yana cin wani rufin iska a sama wanda ke tare mana cutar hasken rana. R134a ya gaje shi, sababbin motocin Turai kuwa tun 2017 galibi R1234yf su ke sha. Akwai 'yar takarda manne a ƙarƙashin murfin injin wadda ta faɗi irin na motarka. Ga amfanin karatu. Ka karanta da kanka, ka nuna wa makaniki, kada a gauraya maka wani iri don sauƙin kuɗi. Araha ba ta ado. Kada kuma ka kwance bututu da hannunka, gama gas ɗin yana ƙona fata da tsananin sanyi, yana kuma iya makantar da ido.

Manomin kirki ba ya jiran ruwa ya sauka kafin ya kai garmarsa maƙera. Haka kai ma, ka yi gyaranka tun hazo bai wuce ba, sa'ad da masu gyaran esi ba su da cunkoso. Mai kwarmin ido da wuri ya ke fara kuka.