Masu Kyamara A Shago, A Kula Da Ƙofofin Rauta

'Yan kasuwar Arewa mazauna Agege da Mile 12 a Ikko, da Sabo ta Ibadan, sun shiga kafa kyamarar tsaro a shaguna da gidajensu, don ko sun tafi ganin gida su riƙa duba dukiyarsu ta wayar hannu. To, amma hoton ba ya isa wayar sai ya ratsa ta rauta, wato ɗan akwatin nan mai rarraba intanet.

Rauta tana da katangar tsaro, wadda masu gyara ke kira fayawol. Aikinta irin na mai gadi ne: na cikin gida ya aika waje a kawo masa amsa, amma baƙon da ba a gayyata ba sai a kore shi. Mai shago kuwa idan yana Kano, baƙo ne a wurin katangar. Saboda haka akan buɗe ƙofa guda, a umarci rauta ta kai duk mai ƙwanƙwasa ta wurin kyamara. Wannan shi ne fot fowadin.

Ƙofofin nan lambobi gare su, daga 0 zuwa 65535. Na'urorin Hikvision sukan yi aiki da 8000, na Dahua kuwa 37777. Mutum zai shiga shafin rautarsa, galibi ta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ya ba na'urar kyamara adireshin da ba ya sauyawa, sa'an nan ya haɗa lambar ƙofar da wannan adireshi.

Ga inda hatsarin yake: ƙofar da aka buɗe wa mai shago, a buɗe take ga duniya duka. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da rautoci, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta. Da su aka kai wa kamfanin Dyn na Amurka hari a watan Oktoba na shekarar, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga ɗimbin jama'a. Wanda ya shiga kyamarar mutum kuwa, ya san lokacin da ake rufe shago da inda ake ajiye ciniki.

Don haka wajibi ne a sauya kalmar sirrin rauta da ta kyamara tun ranar farko. A kashe UPnP, wanda ke barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa. Kada a buɗe ƙofa ta 23, kada kuma a yarda mai gyara ya kashe katangar dungum don aikinsa ya yi sauƙi.

Masu rauta mai layin waya su sani kamfanoni sukan haɗa mutane da yawa a adireshi guda, ta yadda ko an buɗe ƙofa ba za ta yi aiki ba. Sai a tambayi kamfani kafin a biya kuɗin aiki.