BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: DARASI DAGA ƘASAR KABI

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, kowa ya ji labarin yadda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi a 1805, amma kaɗan ne ke tambayar inda rundunarsa ta fito.

Tun wajen 1774 Shehu Usmanu ya fara wa'azi a Dagel, ya zaga Kabi, ya yi shekara biyar a Zamfara, yana karantarwa da Hausa da Fulatanci. Duk garin da ya sauka sai ya bar almajirai. Saboda haka da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, jama'ar da aka yi shekara talatin ana renonta ita ce ta amsa kira.

To, takobi ya ci birni, amma bai ci zukatan Kabawa ba. Suka kafu a Argungu, a 1849 Yakubu Nabame ya sake ta da tuta, aka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa. Wutar gabar ba ta mutu ba sai da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a 1934.

Shi kansa Malam Abdullahi, da ya ga son mulki da dukiya sun shiga jama'a, sai ya bar sansani ya nufi Makka. Kanawa suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami domin shugabanni su san iyakarsu. Haka Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, jajoji suna kai karatu ga matan karkara, tsarin da ya wuce zamanin Turawa da ransa.

Yau fa? Jam'iyya ba ta farkawa sai an buga gangar zaɓe, a raba atamfa da shinkafa, a watse. Ya kai ɗan kasuwa, kuɗin da kake zubarwa a makon zaɓe ya isa ya riƙe malamin makarantar unguwa. Ya kai ma'aikaci, ka iya rubuta rahoton taro da tsare asusu. Ka koya wa ƙungiyar unguwarku, ku horar da magada tun kuna da ƙarfi.

Allah Ya ba mu haƙurin shuka abin da jikokinmu za su girba, amin.