Abin da Ya Dawo da Malam Abdullahi daga Hanyar Makka

Wanda ya tashi a Malisa ko Kalgo ba sai an gaya masa wane ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ba. Hubbarensa na cikin garin Gwandu, fadar sarki a Birnin Kebbi kuma sunansa take ɗauke da shi. Sai dai akwai wani babi na rayuwarsa da ba a cika tsayawa a kansa ba, alhali shi ya fi amfani ga matashin da ke tambayar kansa me ya zo yi duniya. A wajejen 1807, bayan nasarar Tabkin Kwatto ta 1804 da cin Birnin Kebbi a 1805, Malam Abdullahi ya sulale daga rundunar jihadi da mutum biyar kacal, ya fuskanci gabas da niyyar Makka. Shi da kansa ya ba da dalili a littafinsa Tazyinul Waraƙati: da yawa daga abokan da aka fara tafiyar da su sun yi shahada, waɗanda suka rage kuwa ya ga zukatansu sun karkata ga mulki da tara abin duniya. Ƙanin Shehu jagoran jihadin ne, wazirinsa ne, amma ya zaɓi daji a kan zama cikin abin da zuciyarsa ta ƙi.

Aƙidarsa ce ta fitar da shi, wannan babu tantama. Ita ce ma'aunin da ya auna jama'arsa da shi ya ga sun gaza. Amma da aƙida kaɗai ke tafiyar da mutum, da wataƙila ƙasar Gwandu ba ta sake ganinsa ba. Abin da ya juyo da shi ya faru ne a Kano. Mutanen birnin suka tare shi, suka roƙi ya koya masu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya zauna ya rubuta masu Diya'ul Hukkami, ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani, daga nan ya koma gida. Kanawa ba su yi masa alkawarin sarauta ba. Abin da ya fi kowa iyawa suka nema a wurinsa, wato ilimi da tsara shi a rubuce, baiwar da ya fara kaifafawa tun yana yaro a gaban yayansa da malamai irin su Malam Jibrila ɗan Umaru. A ganina, aƙida na nuna wa mutum abin da ba zai yarda da shi ba, baiwarsa kuwa ita ke nuna masa inda zai sa hannu ya gyara. Bayan dawowarsa ne ya kammala babban tafsirinsa, Diya'ut Ta'awili, ya kuma bar littattafai a nahawu da sarfu da fiƙihu. Gwandu ta zama garin littattafai, har matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya tarar da kwafin littafin Tarihus Sudan a cikinta a 1853.

Wani zai ce ana ƙawata fushi ne kawai, domin ai ya sake janye jiki a 1817 lokacin da Shehu ya rasu aka yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a. Gaskiya ne abin ya sosa masa rai, kuma an ɗauki shekaru tsakaninsu ba daɗi; bai kamata a ɓoye wannan ba. To amma a dubi yadda ta ƙare a Kalambaina, inda Bello ya kawo masa ɗauki wajen yaƙi. An ruwaito cewa da suka haɗu, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffansa, sai Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Mai son girma ba ya yin haka a gaban runduna. Wanda ya riga ya san inda darajarsa take ne ke iya sakin abin da yake ganin haƙƙinsa ne.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Za a ce shi ɗan gidan malamai ne, ina ruwan labarinsa da yaron Malisa wanda damina da fadama suka riga suka tsara masa shekara? Talauci na ƙuntata zaɓi, ba mai musun haka. Amma gidan Fodiyo ɗin kansa ya nuna cewa gida ba ya yanke wa mutum hanya. Aƙida ɗaya suke kai, malami ɗaya ya rene su, duk da haka Bello ya fi ƙarfi wajen tsara mulki da kafa garuruwan ribaɗi irin su Wurno, Nana Asma'u 'yar Shehu ta bi ta waƙa da Hausa da Fulatanci ta kai karatu ga matan karkara ta hanyar 'yan taru, Malam Abdullahi kuwa ya tsaya kan alƙalami da tsantseni wajen hukunci. Da kowannensu ya nace sai ya zama ɗan'uwansa, da an yi asarar biyu daga cikin ukun.

Wannan ne ya sa nake damuwa da yadda ake zaɓar wa yara makoma a yau. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, tana nan kan hanyar Kalgo, kuma ba wuya ka ga ɗalibi yana karanta fannin da makinsa ya jefa shi ciki ko wanda iyaye suka ji ana samun aiki da shi. Tarbiyya muna ba su gwargwadon hali, amma da wuya mu tsaya mu lura da abin da hannunsu ya faɗa a kai. Yaron da ke kwance injin ban-ruwa ya mayar da shi yana aiki, da yarinyar da ƙannenta ke gane karatu idan ita ta biya masu, suna buƙatar wani babba ya yi masu abin da Kanawa suka yi wa Malam Abdullahi: ya kira su, ya ɗora masu aikin da ya dace da baiwarsu, ya kuma nuna masu cewa jama'a na jiran sakamakon.