Hutu a Ƙauyukan Bakin Teku: Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba

Da fatan an sallami yara sun tafi makaranta, an kuma ɗora sanwa. To, a ɗan matso kusa da rediyo, yau tafiya za mu yi mai nisa ba tare da mun taka ko zaure ba.

Wata 'yar uwa ce ta aiko mana da tambaya. Ta ce ɗanta da ke karatu a Ingila ya turo mata hotuna, wai sun je hutu wani ƙauyen masunta a bakin teku. Ta ce abin ya ɗaure mata kai, don ita dai ta san ɗan ƙauye ne ke zuwa birni kallo, to me mutumin birni zai je nema a ƙauye har ya biya kuɗi? Hajiya, tambayarki ta yi ma'ana. Bari mu ɗauki yanki guda mu duba shi da kyau, wato Cornwall, wanda yake cikin wuraren da mutanen Ingila suka fi zuwa irin wannan hutu.

Cornwall tana can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila. Ƙasa ce doguwa siririya da ta kutsa cikin teku kamar ƙafar mutum a cikin kwano, ruwa ta hagu, ruwa ta dama, ruwa ta gaba. Duk inda kike a cikinta, nisanki da teku bai kai daga Kano zuwa Wudil ba. A ƙidayar 2021 mutanenta wajen 570,000 ne, kuma galibinsu a ƙananan garuruwa da ƙauyuka suke. Daga Landan zuwa Penzance, inda layin dogo ya ƙare, tafiyar kamar awa 5 ce a jirgin ƙasa.

Ƙauyukan nan a cikin kwari aka gina su, inda tudu ya tsage ya ba teku hanya. Gidajen na dutse ne, ƙanana, sun hau kan juna har zuwa bakin ruwa. A ƙasa kuma akwai katangar dutse mai kauri da aka zagaye ruwa da ita, don kwale-kwalen masunta su sami mafaka idan iska ta taso. Lungunan wani ƙauye mai suna Polperro sun yi ƙunci har baƙi kan ajiye motocinsu a bakin gari su ƙarasa da ƙafa. Akwai kuma St Ives, da Padstow, da wani da ake rubuta sunansa Mousehole amma 'yan garin Mauzul suke cewa.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne halin tekun kansa. Mu nan mun san kogi ya cika da damina, ya janye da rani. To, teku kullum yake yin haka, sau biyu a kwana guda. Ya yi kamar awa 6 yana cikowa, ya yi kamar awa 6 yana janyewa. Wata ne ke janyo ruwan, shi ya sa cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Da safe ki ga jirage na lilo a kan ruwa, da azahar ki tarar da su kwance a kan yashi. Kusa da garin Marazion akwai wani tsibiri da ake takawa da ƙafa a je idan ruwa ya janye, in ya dawo kuwa sai da kwale-kwale.

To me ake yi a hutun? Ba wani abu mai yawa ba ne, 'yan uwa. Iyali kan kama ɗan gida na mako guda, su riƙa dafa abincinsu. Yara su yini suna gina ɗakuna da yashi suna kamun ƙaguwa a bakin katanga. Manya su bi wata hanyar ƙafa da ta bi gefen teku, wadda tsawonta gaba ɗaya ya haura kilomita 1,000, asalinta kuwa hanyar masu gadin gaɓa ce da ke farautar 'yan fasa-ƙwauri. Wasu su shiga jirgi a zaga da su, wasu su zauna kawai suna kallon ruwa. Mutumin da ya shekara cikin hayaƙin mota da hayaniya, shirun nan da iska mai daɗi su yake saye da kuɗinsa.

Ga kuma abinci. Sanannen abincinsu wani naɗin fulawa ne mai kama da babban samosa, a zuba naman shanu da dankalin Turawa da albasa da wata saiwa mai ɗan zaƙi, a naɗe bakin, a gasa. Matan masu haƙar ma'adinai ne suka riƙa yi wa mazajensu guzuri da shi. Sai dai a kula, da yawa da kitsen alade ake kwaɓa fulawar, haka nan wasu kan sa giya a ƙullin da ake tsoma kifi kafin a soya. Wadda ɗanta ko mijinta ke can, ta tuna masa ya tambaya kafin ya saya. In ya saya kuma ya riƙe da kyau, don akwai wasu fararen tsuntsayen teku masu halin shirwa, daga hannu suke fizgewa.

Yanzu bari mu koma baya kaɗan, don ƙauyukan nan ba don baƙi aka gina su ba. Abu biyu suka riƙe Cornwall a da: kifi da ma'adinai, musamman kuza irin wadda ake haƙa a Jos, da kuma tagulla. Kifin ɗan ƙarami ne, dangin sadin ɗin gwangwani, yakan zo garke-garke a ƙarshen lokacin zafinsu. Akan ajiye mutum a kan tudu yana duban ruwa, da ya hango garken sai ya ƙwala kira, gari ya ruɗe, maza su fita da taru. In an kawo kifi gaɓa, aiki ya koma hannun mata. Su ne ke jera shi, layin kifi, layin gishiri, har tulin ya yi tsawo, a bar shi kamar wata guda, sannan a wanke, a danne a cikin ganguna, a kai Italiya a sayar. A Polperro kuwa mata da 'yan mata sun shahara da saƙa rigunan sanyi na masunta, ana biyansu. Kun ga ashe sana'ar cikin gida ba mu kaɗai muka san ta ba.

Zuwa farkon ƙarni na 20 garken kifin ya daina zuwa kamar da. Ramukan ma'adinai su ma suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, dubban samari suka yi ƙaura zuwa Amurka da Ostareliya da Afirka ta Kudu. Ramin kuza na ƙarshe da ya rage yana aiki, South Crofty, a 1998 aka rufe shi. Amma kafin nan wata ƙofa ta riga ta buɗe. A 1859 aka gama gadar jirgin ƙasa a kan kogin Tamar, wadda ta haɗa Cornwall da sauran Ingila, a 1877 kuma layin dogo ya isa St Ives. Masu zane suka fara zuwa saboda kyan hasken wurin, masu kuɗi suka biyo su. Bayan dokar 1938 da ta share fagen ba ma'aikata hutu da albashinsu, sai talaka ma ya fara zuwa da iyalinsa.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Matan da iyayensu suka yi aikin gishiri sai suka gyara ɗaki ɗaya ko biyu a gidajensu, suna saukar baƙi, a ba su wurin kwana da karin kumallo, su biya. Rumbunan kifi suka zama shagunan shayi da na tsaraba. Jikan masunci ya koma zagayawa da baƙi a jirginsa. Ba a daina su gaba ɗaya ba, har yanzu akwai babbar kasuwar kifi a Newlyn, amma a ƙauyuka da yawa baƙo ne ya zama amfanin gona.

To, a nan gizo ke saƙa. Baƙin nan lokaci gare su. Cikar kasuwa a watannin Yuli da Agusta ne, lokacin dogon hutun makarantu na kamar mako 6, daidai da tsakiyar daminarmu. Da hunturu ya shigo, ga sanyi ga ruwa ga iska, sai shaguna da yawa su rufe, aiki ya tsaya. Albashin irin wannan aiki kuma ba shi da kauri. Duk da kyan wurin, Cornwall tana cikin yankunan Ingila masu ƙarancin samu, har daga shekarar 2000 ta riƙa karɓar tallafi na musamman da Tarayyar Turai ke ba yankuna matalauta, kafin Birtaniya ta fice a 2020.

Babbar matsalar ma ita ce ta gidaje. Baƙo ya zo sau ɗaya, sau biyu, wurin ya shiga ransa, sai ya sayi gida. Ba zama zai yi ba, ya zo mako biyu ko uku a shekara, sauran lokaci ya kulle ko ya ba wasu baƙin haya. Kuɗin mutumin Landan kuwa ɗan ƙauye ba ya iya karawa da shi. Sai farashi ya tashi, saurayi da budurwa 'yan asalin garin su yi aure su rasa inda za su zauna, su koma can nesa da teku. Da hunturu ki bi layi guda ki ga tagogi duhu, gida bayan gida. In yara suka ragu, makarantar ƙauye ta shiga haɗari, haka kanti, haka motar haya.

Ku ji abin da zai nuna muku nauyin maganar. Teku yana ci. Masu ceton mutane a cikinsa kuwa, galibinsu 'yan sa kai ne na ƙauyukan, ƙarƙashin wata ƙungiyar agaji mai suna RNLI da aka kafa a 1824. A daren 19 ga Disamba 1981, guguwa ta rutsa da wani jirgin kaya mai suna Union Star. Maza 8 na ƙauyen Mousehole suka fita cetonsa a jirginsu Solomon Browne, ba wanda ya dawo. Su da mutum 8 na jirgin kayan, rai 16 ke nan. Har yau duk ranar 19 ga Disamba akan kashe fitilun adon garin na awa guda don tunawa da su. To, in gidajen ƙauye suka koma hannun waɗanda ba sa kwana a cikinsu, wa zai tashi da tsakar dare idan ƙararrawa ta kaɗa?

Shi ya sa mutanen ba su naɗe hannu ba. A watan Mayu na 2016 jama'ar St Ives suka kaɗa ƙuri'a, fiye da kashi 80 cikin 100 suka amince cewa duk sabon gidan da za a gina, sai wanda zai zauna a cikinsa dindindin. Daga Afrilun 2025 kuma hukumar Cornwall ta ninka harajin gida a kan masu gidan hutu. Ba korar baƙi suke yi ba, don da su ake ci. So suke baƙo ya zo, ya huta, ya sayi kifin ɗan gari, ya kwana a ɗakin 'yar gari, ya koma. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. In raɓa ta ce ita za ta zauna kaba ta tashi, lissafi ya rikice.

Hajiya mai tambaya, kin ji abin da ake zuwa yi. Ki kuma faɗa wa yaron naki, in ya sake zuwa, kada ya shiga ruwa sai tsakanin tutoci masu launin ja da rawaya, inda masu tsaro ke kallo, in ya ga jar tuta zalla kada ya kusanta. Ya kuma tambayi lokacin cikowar ruwa kafin ya bi gindin duwatsu, don ruwan kan zagayo ta baya ya tare hanya.

Mu kuma da ke zaune a ɗakunanmu, akwai abin ɗauka. Matan can sun ga sana'ar iyayensu ta mutu, suka nemo wata a cikin gidajensu, suka riƙe iyali da ita. Sannan waɗanda suka sayar da gidan gado don kuɗin ya yi tsoka, da yawa jikokinsu yau ba sa iya sayen ko ɗaki a layin. Duk ranar da aka zo maganar sayar da gida ko gona a danginku aka nemi bakinki, uwargida, ki tuna da wannan, ki tambaya ina yara za su zauna.

Lokaci ya yi mana halinsa. A duba tukunya kada ta kama. Sai mako mai zuwa war haka idan Allah ya kai mu, a gaida maigida da yara. Ku huta lafiya.